Abin da ke Buɗe Bakin Yaro

Yawancin yara suna furta kalmarsu ta farko a wajen cikar shekara guda da haihuwa, wasu kafin nan da kaɗan, wasu bayan nan da 'yan watanni. Ranar da hakan ta faru sai gida ya ɗauka, yau wance ta ce Baba. Amma kafin wannan rana an daɗe ana aikin a ɓoye, domin koyon harshe yana somawa tun yaro na ciki. Kunnen ɗan tayi yana fara ɗaukar sauti tun ciki na wata 6 zuwa 7. Ba ya rarrabe baƙi da wasali sosai, saboda ruwa da naman jikin uwa suna dushe sautin, kamar mai jiyo hirar maƙwabta ta bayan katanga. Abin da ya fi isa gare shi shi ne hawa da saukar murya, da saurinta da jinkirinta.

A 1980 wasu masana biyu a Amurka, Anthony DeCasper da William Fifer, suka ba jarirai 'yan ƙasa da kwana 3 robar tsotso da aka haɗa da na'ura, ta yadda salon tsotson jariri ne zai zaɓi muryar da za a sa masa, ta uwarsa ko ta wata mata. Jariran suka riƙa sauya tsotsonsu domin su jawo muryar uwa. A 2009 kuma Kathleen Wermke ta Jami'ar Würzburg a Jamus da abokan aikinta suka auna kukan jarirai 60, rabi 'ya'yan Faransawa, rabi 'ya'yan Jamusawa, dukansu ba su cika mako ba. Kukan 'ya'yan Faransawa ya fi farawa ƙasa ya hau, na 'ya'yan Jamusawa ya fara sama ya sauko, kowanne daidai da yadda muryar mutanensa ke tafiya. Daga baya aka auna jariran kabilar Nso ta arewa maso yammacin Kamaru, masu harshen da ke bambanta ma'ana da karin sauti, aka tarar kukansu ya fi na 'ya'yan Jamusawa lanƙwasa. Hausa ma irin wannan harshe ce. Karin sauti ne ke raba wuyan da ake rataya wa sarƙa da wuyar da ake sha, shi ke raba kukan yaro da kukar miya. Ɗan Bahaushe ke nan yana fara sabawa da wannan sashe na harshensa tun ba a raɗa masa suna ba.

A watannin farko kunnen jariri a buɗe yake ga sautukan kusan kowane harshe. Janet Werker da Richard Tees sun nuna haka a Kanada a 1984. Sun jiyar da 'ya'yan masu magana da Ingilishi wasu sautukan Hindi da na wani harshen 'yan asalin Kanada, waɗanda babban Bature ba ya jin bambancinsu. 'Yan wata 6 zuwa 8 suka rabe su, amma 'yan wata 10 zuwa 12 akasarinsu sun daina. Ƙwaƙwalwa ce ta tattara ƙarfinta kan sautukan da take ji kullum, ta saki sauran. Shi ya sa baƙon da ya koyi Hausa da girmansa yake fama da kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, alhali yaron gida bai taɓa sanin akwai wahala a wurin ba.

Akwai kuma wata matsalar da babba ya manta ya taɓa warwarewa. Magana ba ta zuwa da tazara tsakanin kalmomi kamar rubutu. In uwa ta ce «zo ka sha nono», abin da jariri ke ji igiya ce guda, shi zai gano inda ake yanka ta. A 1996 Jenny Saffran da abokan aikinta a Jami'ar Rochester suka sa wa 'yan wata 8 wasu gaɓoɓin ƙirƙira a jere ba tsayawa har minti 2 kacal, sai ga shi jariran sun fara gane gaɓoɓin da ke yawan tafiya tare. Maimaici ne ke ba su wannan dama. Kalmar da jariri ya fara tsinta daga igiyar kuwa galibi sunansa ce, tun yana wajen wata 4 da rabi. Elika Bergelson da Daniel Swingley sun gano a 2012 cewa 'yan wata 6 zuwa 9 suna karkata ido ga hoton abin da aka ambata, in abinci ne ko gaɓar jiki da suka saba ji. Fahimta tana gaba, furuci na biye da ita da watanni.

Tsakanin wata 6 da 10 ake shiga gwaranci, yaro ya dinga ba-ba-ba da ma-ma-ma da da-da-da. Waɗannan ne gaɓoɓin da suka fi sauƙi ga leɓe da harshe, kuma manya ne ke ɗora musu ma'ana, shi ya sa sunayen iyaye suka yi kama a harsunan da ba su haɗa komai ba. A Jojiya ma mama shi ne uba, uwa kuwa deda. Gwarancin ba na baki kaɗai ba ne. Laura Petitto da Paula Marentette sun nuna a 1991 cewa kuramen jarirai da iyayensu ke maganar hannu suna yin nasu gwarancin da yatsu, a daidai watannin da masu ji ke yin na baki.

Daga kalmar farko abin yakan tafi a hankali, kalma ɗaya ko biyu a mako, har yaro ya tara wajen 50, galibi a shekara ɗaya da rabi. Daga nan da yawa sukan zabura, su fara haɗa kalma biyu: «ba ruwa», «Umma zo», «nawa ne». Sai dai tazarar da ke tsakanin lafiyayyun yara tana da faɗi ƙwarai. Binciken da Larry Fenson ya jagoranta kan yara sama da 1,800 a Amurka, wanda aka buga a 1994, ya nuna a wata 16 akwai masu faɗin kalmomi sama da 150, akwai waɗanda ba su kai 10 ba. A shekara 2 matsakaicin yaro yana da wajen 300, amma ana samun daga ƙasa da 100 zuwa sama da 500. Gado yana da hannu a wannan bambanci, amma ba shi ne babba ba. Wani nazari kan dubban tagwaye 'yan shekara 2 a Ingila, wanda aka buga a 1998, ya ƙiyasta rabon gado da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ya jingina kaso mafi girma ga gidan da yaran suka tashi.

To mene ne a cikin gida yake kawo bambancin? Amsar da ta fi yin suna ta fito daga Kansas. Betty Hart da Todd Risley sun bi gidaje 42, suna ɗaukar maganar da ake yi sa'a guda kowane wata har shekara biyu da rabi, suka buga sakamakon a 1995. Yaron gidan manyan ma'aikata yana jin kalmomi wajen 2,150 a sa'a, na gidan masu ƙaramin aiki wajen 1,250, na gidan masu karɓar tallafin gwamnati wajen 620. Da suka ninka lissafin zuwa shekara 4 sai suka ce tazarar ta kai kalmomi miliyan 30. Adadin ya zagaya duniya, amma yana da rauni. Gidajen masu karɓar tallafi 6 ne kawai a cikin 42. Sannan duk wanda baƙo ya zauna masa a ɗaki da na'urar ɗaukar magana ba zai saki jiki yadda ya saba ba, musamman talaka. A 2018 Douglas Sperry da abokan aikinsa suka duba wasu al'ummomi biyar na Amurka, suka tarar in an ƙidaya maganar kowa da ke gidan, lissafin ba ya bin arziki sau da ƙafa.

Binciken da ya fi haskaka lamarin shi ne na Adriana Weisleder da Anne Fernald na Jami'ar Stanford a 2013. Gidaje 29 suka ɗauka, duk masu ƙaramin ƙarfi, duk masu magana da Sifaniyanci, suka maƙala wa 'yan wata 19 ƙaramar na'ura a riga ta wuni tana ɗauka. A cikin sa'a 10 wani yaro an yi masa magana kai tsaye da kalmomi sama da 12,000, wani kuwa 670 kacal. Talaucin ɗaya ne, gidajen ne suka bambanta. Da yaran suka cika shekara 2, waɗanda aka fi yi wa magana sun fi yawan kalmomi, sun kuma fi saurin gane kalma in an faɗe ta. Hirar da manya ke yi a tsakaninsu yaro na gefe ba ta nuna wannan tasiri ba. A 2018 Rachel Romeo ta ƙara wani tubali: cikin yara 36 'yan shekara 4 zuwa 6, abin da ya fi tafiya da ƙwarewar harshe, da motsin sashen ƙwaƙwalwa mai kula da magana, shi ne yawan karɓa-karɓa, wato yaro ya faɗa a amsa masa, a faɗa ya amsa.

Ga yadda abin yake a tsakar gida. Yarinya 'yar wata 14 tana zaune a tabarma, uwa na gefe tana tankaɗe. Kaza ta gifta da 'yan tsakinta, yarinyar ta miƙa yatsa ta ce «ka!» sannan ta juyo ta dubi uwar. Uwar ta ɗago ta dubi inda aka nuna, ta ce, «Ee, kaza ce. Ga kaza da 'yan tsakinta. Ina za ta? Ta tafi akurki.» Yarinyar ta sake cewa «ka», uwar ta ce, «Kaza, haka ne, 'yar gidan Inna.» Duka abin bai kai rabin minti ba, rariya ma ba a ajiye ba. Amma kalmar ta zo sau uku, ta zo a daidai lokacin da idon yarinyar ke kan kazar, ta kuma zo ne a matsayin amsar abin da ita yarinyar ta fara. Da uwar ta ce «bar wannan, dubi fitila», da an yi asarar damar, domin ƙaramin yaro yana shan wahala kafin ya ɗauke hankalinsa daga wani abu ya mayar kan wani. Michael Tomasello da Michael Farrar sun nuna a 1986 cewa yara sun fi riƙe sunan abin da hankalinsu ke kai tun farko, a kan wanda aka janyo su gare shi.

Wannan amsawa tana aiki tun a gwaranci. A Jami'ar Cornell a 2008, Michael Goldstein da Jennifer Schwade suka sa wasu iyaye mata su amsa wa 'yan wata 9 nan take duk sanda suka yi sauti, wasu kuma su yi magana daidai wannan yawan amma ba a lokacin da jaririn ya yi nasa ba. Jariran rukunin farko ne kaɗai suka gyara gwarancinsu ya koma kama da abin da suke ji. Nuni da yatsa ma, wanda ke fitowa tsakanin wata 9 da 12, tambaya ce ta wanda bai da kalma tukuna. Meredith Rowe da Susan Goldin-Meadow sun gano a 2009 cewa yawan abubuwan da yaro ke nunawa da hannu a wata 14 yana hasashen yawan kalmominsa a shekara 4 da rabi. Ladabin hana nuna babba da yatsa yana da lokacinsa, amma ɗan shekara guda da ya miƙa yatsa suna yake nema, kuma ya cancanci a ba shi.

Duk da haka, ba kowace al'umma ce ke zaunar da jariri tana yi masa hira ba, kuma 'ya'yansu suna magana. A ƙauyukan Tsimane na Bolibiya an ƙiyasta maganar da ake yi wa ƙaramin yaro kai tsaye ba ta kai minti guda a sa'a ba. A wani ƙauyen Mayawa masu harshen Tseltal a kudancin Meksiko, Marisa Casillas da abokan aikinta sun sami ƙasa da minti 4 a sa'a, amma yaran sun yi gwaranci, sun furta kalmar farko, sun haɗa kalmomi a lokacin da aka saba gani a ko'ina. Abin da wannan ke nunawa shi ne ginshiƙin harshe yana da ƙarfi, ba ya rushewa don an rage hira. Yawan kalmomin da za a ɗora a kansa ne ke ƙaruwa ko raguwa. Ko a cikin Mayawan Yukatan, inda yawancin abin da yaro ke ji hirar wasu ce, Laura Shneidman ta tarar maganar da aka yi masa shi da kansa ce ke hasashen kalmominsa.

Gidan Bahaushe na gargajiya yana da arzikin da littattafan Turai ba su cika lissafawa ba, wato yawan bakuna. Ɗa na kowa ne. Ga kaka mai yi masa kirari da tsokana tana kiransa mijinta ko kishiyarta, ga goggo, ga abokiyar zaman uwa, ga 'yar raino da ke yawo da shi gida-gida. Yana goye ake zuwa rijiya da gidan suna da wurin niƙa, kunnensa na kwasar gaisuwa da ciniki da faɗa da waƙar daka. Kunyar ɗan fari, wadda ke hana uwa kiran sunansa ko yi masa wasa a gaban mutane, ta zauna lafiya ne a irin wannan gida saboda akwai masu cike gurbin. Yaye ma, da ke zuwa wajen shekara 2 a daidai lokacin da kalmomi ke zuba, yakan kai yaro hannun kaka, wadda ta fi kowa lokacin sauraren shirmensa. Inda abin ke ba da tsoro shi ne gidan birni na mata da miji kaɗai: miji ya fita tun safe, amarya ta riƙe kunyar da ta gada, babu kaka babu goggo, sai talabijin. Al'adar ta taho, masu tallafa mata sun tsaya a ƙauye, yaro ya wuni ba wanda ya tanka masa.

Ana iya sauya wannan ba tare da an rushe al'ada ba. A ƙauyukan Wolof na Senegal akwai tsoron cewa yi wa jariri magana ko haɗa ido da shi yana jawo masa iskoki. Ƙungiyar Tostan ta shiga da shirin wayar da kai ta hannun mutanen gari da malamansu. Ann Weber da Anne Fernald da Yatma Diop suka bi masu raino 443 daga 2013. Bayan shekara guda, matan ƙauyukan da aka yi shirin sun kusa ninka maganar da suke yi wa yaransu, yaran kuma sun fi na sauran ƙauyuka yawan furuci da ƙaruwar kalmomi.

Jinsi da matsayin haihuwa suna da ɗan tasiri, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba. 'Yan mata sukan riga maza da wata ɗaya ko biyu. 'Yan fari sukan ɗan fi yawan kalmomi da wuri, ƙanne kuma su fi iya shiga hirar mutane da yawa. Tagwaye da bakwaini sukan ɗan makara. Cewa «namiji ne, ai sun saba jinkiri» ba hujja ba ce ta zuba wa ɗan shekara 2 da ba ya cewa komai ido.

Harshe biyu ba ya rikita yaro. A Jos da Maiduguri da Yamai da zangon Kumasi, yaro ya tashi da Hausa da wani harshe, ko ma biyu, abu ne na yau da kullum. Barbara Pearson da abokan aikinta a Miami sun nuna a 1993 cewa in an haɗa kalmomin yaro mai harshe biyu wuri guda, jimillar tana kai ta mai harshe ɗaya, ko da a kowane harshe shi kaɗai yana iya zama ƙasa. Gauraya harsuna a jimla ɗaya kuwa abin da yake ji a bakin manya ne. Kuskuren da ke yaɗuwa a birane shi ne iyaye su daina yi wa yaro Hausa, su koma Ingilishi ko Faransancin da su kansu ba su da zurfi a ciki, wai don ya yi ƙoƙari a makaranta. Uwar da za ta iya yi wa ɗanta zance mai daɗi da zaurance da kirari da Hausa sai ta koma «zo, zauna, bari» da harshen aro. Yaron ya rasa mai yawa ya sami kaɗan.

Waya da talabijin ba sa maye gurbin mutum. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta sa wasu 'yan wata 9, 'ya'yan Amurkawa, zama 12 da masu magana da Sinanci suna musu wasa da karatu. Wasu jariran aka nuna musu mutanen nan a bidiyo, wasu aka sa musu murya kawai. Waɗanda suka zauna da mutum ido da ido sun koyi rabe sautukan Sinanci, na bidiyo da na murya kuwa kamar ba su taɓa ji ba. A 2010 Judy DeLoache ta gwada wani faifan koyar da kalmomi da ake sayar wa iyaye: 'yan wata 12 zuwa 18 da suka yi wata guda suna kallonsa ba su fi waɗanda ba su gani ba, waɗanda iyayensu suka koya musu da baki ne suka fi kowa. Wayar hannun uwa ma tana da nata. A wani gwaji na 2017, iyaye mata 38 sun koya wa 'yan shekara 2 sababbin kalmomi biyu, aka katse ɗaya da kiran waya, sai yaran suka riƙe wadda ba a katse ba kawai. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a ajiye 'yan ƙasa da shekara 2 gaban allo, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce sa'a guda a rana.

In yaro ya haura shekara 2, irin kalmomin da yake ji sun fara fin yawansu muhimmanci, daga baya kuma sai zancen abin da ba ya gaban ido: jiya, gobe, dalili, da a ce. Littafi mai hotuna yana kawo wannan, domin a cikinsa ake haɗuwa da giwa da jirgin ruwa da ba sa shigowa tsakar gida. Tatsuniya ma haka, da kacici-kacici, da labarin abin da aka gani a kasuwa, in dai ana barin yaro ya tsoma baki ya yi tambaya. Gidan da babu littafi ba gidan da babu hanya ba ne, muddin akwai mai ba da labari.

Duk wannan yana buƙatar jiki mai lafiya. Binciken lafiyar al'umma na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a arewa maso yamma kuwa kashi 57. Yaron da tamowa ko ƙarancin jini ya kama ba ya da kuzarin wasa da nuni da gwaranci, shirunsa kuma yakan sa manya su rage tanka masa, asara ta zama biyu. A Kingston ta Jamaika, Sally Grantham-McGregor ta raba tsumburarrun yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 rukuni-rukuni: wasu aka ba su madara, wasu ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gidansu mako-mako tana nuna wa uwa wasa da hira da yaro, wasu aka haɗa musu duka. Bayan shekara 2 kowanne ya yi amfani, haɗin ya fi. Bayan shekara 20 amfanin madarar ya dushe, amma waɗanda aka yi wa wasa da hira suna samun kuɗin shiga da ya fi na takwarorinsu da wajen kashi 25 cikin 100. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana iya barin rauni a harshe, haka ma gubar dalma, irin wadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Lafiyar uwa ma tana ciki. Ciwon damuwa bayan haihuwa yana kama wajen mace ɗaya cikin biyar a ƙasashe masu tasowa, kuma mai jegon da zuciyarta ta yi nauyi ba ta iya amsa murmushi da gwaranci yadda take so. Magani da taimakon dangi take buƙata, ba gori ba.

Kunne shi ne abin da ya kamata a fara dubawa duk sanda magana ta makara. Jariri 1 zuwa 3 cikin 1,000 ana haifarsa da raunin ji mai ɗorewa, wasu kuma su rasa jin daga baya ta sanadin shawara mai tsanani a makon farko, ko sanƙarau, ko ƙyanda, ko hangum, ko ciwon kunne mai zubar ruwa da aka bari ya daɗe. Likita Bolajoko Olusanya ta yi shekaru tana gwajin jin jarirai a Legas, har a wuraren rigakafi, domin a kamo waɗanda aka haifa a gida. Abin da ke ɓatar da iyaye shi ne kurman jariri ma yana kuka, yana dariya, yana 'yan sautuka a watannin farko. Alamun da ke neman a je asibiti su ne jaririn da ƙara mai ƙarfi ba ta firgita shi, ɗan wata 9 zuwa 10 da ba ya gwaranci, ɗan shekara guda da ba ya juyowa in an kira sunansa ko ba ya nuni, ɗan wata 16 zuwa 18 da ba shi da kalma ko ɗaya, ɗan shekara 2 da bai kai kalma 50 ba ko ba ya haɗa biyu, da duk yaron da ya fara magana sannan ta ɓace. Rashin haɗa ido da rashin nuni suna iya zama alamar lalurar da likitoci ke kira otizim. Da yawa daga masu jinkirin baki, musamman waɗanda ke fahimtar abin da aka ce musu, suna kamo tsaransu kafin shiga makaranta, amma gwaji ne ke raba su da waɗanda ba za su kamo ba. Kai yaro wurin wanzami a yanke masa linzamin harshe ko a cire beli ba ya ƙara masa kalma, domin ba a harshe kalmomi ke taruwa ba, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar cuta.

Lokacin da aka gano matsalar yana da nauyi sosai. A jihar Colorado ta Amurka, Christine Yoshinaga-Itano ta nuna a 1998 cewa yaran da aka gano raunin jinsu kafin wata 6 aka kuma fara taimaka musu sun fi waɗanda aka gano daga baya ƙwarewar harshe nesa ba kusa ba. Daga nan aka sami ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi: a yi gwajin ji kafin wata 1, a tabbatar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Taimakon yana iya zama na'urar ƙara ji, yana iya zama harshen hannu, ko duka biyun. Sama da kashi 90 cikin 100 na kuramen yara iyayensu masu ji ne, saboda haka sai iyayen sun tashi sun koya. A ƙasar Hausa akwai maganar hannu ta kurame, cikakken harshe mai nahawunsa, wadda Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000, akwai kuma makarantun kurame irin ta Tudun Maliki. Kurman yaron da aka fara yi wa maganar hannu tun yana jariri yana tara kalmominsa a hannu, yana kuma haɗa biyu a wajen shekarun da mai ji ke haɗa nasa a baki.